Shekarar da Na Ajiye Taɓarya

Rannan injin unguwarmu ya lalace, sai uwar jikokina ta ce wa 'yan matanta su surfa gero tiya ɗaya. Tiya ɗaya fa. Babbar ta ce, "Daka ai ba wani abu ba ne, ɗagawa ne a sauke." Ta ɗaga ta sauke kamar sau talatin, ta jingina taɓarya da bango, ta tsaya tana duba tafin hannunta kamar mai karanta wasiƙa. Ni dai na gaji da magana. Amma tunda an zo zamanin da likita ke ce wa mutum ya je ya motsa jiki, har samari na gudu a hanyar Gumel da sassafe ba abin da ya koro su, to bari in faɗa muku abin da na sani game da jikin ɗan Adam. Ban yi boko ba. A bakin turmi na san shi.

Sunana Uwani. Sama da shekara arba'in na yi ina aikatau a ƙauyenmu kusa da Ɗanzomo da duk inda aka kira mu, sussuka da kaka, surfe da daka kuwa ba lokacin da ba a yi. Mu uku muke shiga turmi ɗaya, kuma fiye da rabin shekarun nan ni ce mai ja. Mai ja ita ke fara sauke taɓarya, saurin da ta ɗauka shi sauran biyun ke bi. In ana neman masu daka a yankinmu ba a cewa a kira su wance, cewa ake a kira su Uwani. Ba ni da gona, ba ni da tumaki. Wurina a turmin nan shi ne abin da na mallaka, kuma akwai shekarar da ya nemi ya fita daga hannuna. Zan zo wurin.

Aikina na farko dami shida ne na wani manomi a bayan gari, ina 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu. Gwaggo Dije ce ta kai ni, ƙanwar babana da ta yi aure can wajen Magarya ta dawo gida bayan mijin ya rasu. 'Yar siririya ce, in ka gan ta sai ka ce iska za ta ɗauke ta, amma damtsenta kamar igiyar guga. Muka karya zangarniya muka cusa a turmi, ƙaiƙayi na shiga mini wuya. Kafin hantsi ya ɗaga tafin hannuna ya yi bororo guda biyar.

"Gwaggo, hannuna ya tashi."

"Na wa bai tashi ba? Kada ki fasa shi. Ga tsumma, naɗe."

Ranar da ka yi aikin ba ka jin komai sai gajiya. Washegari ka fara ji. Rana ta uku ita ce mai gari. Na farka na kasa ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali, allon kafaɗata kamar an cusa garwashi, in zan zauna sai na dafa bango. Innata ta ce in kwanta. Sai ga Gwaggo ta yi sallama.

"Ina Uwani?"

"Tana ciki, Dije. Jikin ya yi tsami. Ki bar ta ta kwana biyu."

"In ta kwana biyu a kwance, ranar da ta tashi sabon tsami za ta fara. Ke, fito!"

Ta gasa mini baya da ruwan zafi, ta mulka man kaɗe, ta kai ni masussuka. Amma ba aikin shekaranjiya ta ba ni ba. Rubu'insa ta ba ni, da 'yar taɓarya mara nauyi. Wallahi kafin azahar tsamin ya sake ni. A nan ta koya mini abin da ya kamata masu gudun nan su sani, cewa ciwo iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin nama, ya bazu, in jiki ya yi ɗumi ya lafa. Wannan ba a kwanta masa, ana lallaɓa shi da ƙaramin aiki. Akwai kuma wanda ke soka a gaɓa, wuri ɗaya, kana iya nuna shi da yatsa, kuma kana aiki yana ƙaruwa. Wannan in ka ji shi ka tsaya, ko da mai gero zai zage ka.

Jiki ba ya sabawa gaba ɗaya, bi da bi yake yi. Hannu ne ke farawa. Cikin mako biyu bororo ya bushe ya zama kanta, har kana iya ɗaukar garwashi ka sa a wani murhun. Sai numfashi. Da farko ina jin zuciyata tana bugawa a cikin kunne, ina haki kamar akuyar da aka kora. Wata ɗaya da wani abu sai na ga ina daka ina hira. Wannan shi ne ma'aunin Gwaggo. Tana cikin daka sai ta jefo maka tambaya, in ka kasa amsawa da numfashi ɗaya sai ta ce ka wuce ƙarfinka, ka rage. Baya da ƙugu su ne na ƙarshe, su sai an yi kaka guda cur. Ga ci. Malmala uku nake tashi da ita in sha kunu a kai, innata tana kallon tukunya tana salati. Da aka gama kakar nan rigata ta ƙi shiga kafaɗa.

Ku kuna zaton da hannu ake daka. Mai daka da hannu ba ta kai azahar. Gwiwa ce ke ɗaga taɓarya, ƙugu ya miƙa ta sama, ita kuma ta sauko da nauyinta, kai dai ka nuna mata hanya ka fitar da numfashi tare da ita. Kuma ana sauya hannun da ke sama duk turmi. Gwaggo ba a koya mata wannan da wuri ba, har ta rasu kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu, zane ba ya zama mata daidai. Ruwa kuwa kurɓa-kurɓa ake sha, da ɗan gari da 'yar kanwa a ciki. Na ga matar da ta ƙi sha don kada a ce ta cika hutu, da la'asar ƙwaurinta ya ɗaure tana birgima a cikin ƙaiƙayi.

Taɓarya uku na riƙe a rayuwata. Ta fari ta darbejiya ce, ta yara. Ta biyu ta marke. Sai da na yi kaka huɗu Gwaggo ta kai ni kasuwar Maigatari ran Alhamis wurin wani masassaƙi, ta sa na ɗaga na kirya ɗaya bayan ɗaya har muka sami wadda ta yi daidai da tsayina. Kirya nauyi gare ta kamar ƙarfe, sara ɗaya nata ya fi uku na marke. Masassaƙin ya dube ni ya ce, "Baba, wannan yarinyar za ta iya kuwa?" Gwaggo ta ce, "Bara da ba za ta iya ba. Shi ya sa ban kawo ta bara ba."

Akwai wata mai fura a Gumel da muka yi wa surfe shekara da shekaru, ni da Tabawa da Larai, abokan turmina tun muna da goyon fari. Ita wannan ba ta yarda da garin inji ba, wai yana ƙona gero. Za ta zauna a inuwa da mafici tana cewa, "Ku ɗan ɗaga hannu, bayin Allah, Fulani sun kusa kawo nono." Larai, da bakinta ba ya shiru, sai ta ce, "Hajiya, ga taɓarya ta huɗu nan in kina sauri." A gidanta muka fi gwanancewa da abin da zan faɗa muku yanzu, ku riƙe shi. In ana surfe hatsi yakan hau bakin turmi. Sai mai ja ta ce "Hm!" da ƙarfi. Sauran biyun su sauke nasu taɓaren a ƙasa, ta biyu ta zura hannu cikin turmi ta share hatsin, ta juyo na ƙasa sama. Ita kuwa mai ja tana riƙe da tata a sama, bisa turmin, har hannu ya fita, sannan ta sauke nan take don kada dakan ya huce. Numfashi uku ne. Mai ja ba ta ajiye taɓarya a ƙasa sai an gama turmi, haka muka tarar. Shekara ashirin Tabawa na zura hannunta ƙarƙashin kiryata ko ɗaga kai ba ta yi.

In na ce muguwar shekara za ku zaci fari ne ko yunwa. Mun ga waɗannan, mun wuce. Tawa shekarar ƙoshi ce.

Ɗana na fari, wanda har yau ban taɓa kiran sunansa ba, ya samu tuƙin motar shanu daga Maigatari zuwa kudu, Allah ya buɗa masa. Wata rana ya zo wucewa da abokansa ya gan ni a ƙofar gidan mutane, dusa har gira. Ban san abin da suka ce masa ba. Bai zo wurina ba, wurin ƙanena Isa ya je, Isa ya zo ya same ni.

"Yaya, yaron nan ya ce ki huta haka nan. Wai yana da rai da lafiya uwarsa na daka a gidajen mutane, abin kunya ne gare shi."

"Ni na ce masa na gaji?"

"To ki faɗa masa da bakinki."

Isa ya san ba zan iya ba. Uwa ba ta zama ta yi musu da ɗan fari, ko ido ba ma haɗawa sosai. Da na biyun ne, da na kora shi da muciya. Shi kuwa sai na ce to, Allah ya yi masa albarka. Na jingina kirya a bayan ƙofa.

Wata goma sha ɗaya na yi a zaune. Ya aiko da shinkafa da taliya da mai, har da kujerar roba mai hannu. A wata na biyu kantar hannuna ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ciki ya fito, damtse ya saki yana reto. Gwiwa ta fara ƙara in zan tashi daga sallah. Barcin da nake yi kamar an jefa dutse a rijiya ya gudu. Tuwo ma ya daina daɗi. Mutane kuwa sai barka suke mini, "Uwani kin yi kyau, kin yi ƙiba, ɗa ya yi rana." Ina amsawa. Su Tabawa suka ɗauki wata yarinya, Hansai, matar ɗan wan Larai, mai 'ya'ya biyu, ta cike musu turmi.

Da kaka ta zagayo Tabawa ta zo ta ce an kira su biki a Sule Tankarkar, gero buhu uku, surfe da daka cikin kwana biyu, kuma masu bikin sun ce su Uwani suke so. Ta ce ita dai ta zo ne ta faɗa mini don kada in ji a bakin wani. Ban bari ta rufe baki ba na aika wa Isa, na ce ya faɗa wa yaron nan kujera ta ishe ni. Tabawa ta kamo hannuna ta juya tafin.

"Uwani, wannan ai hannun amarya ne. Ki yi ko mako ɗaya kina taɓawa a gida. Bikin nan ki bar mana."

"Hannun ya san hanya."

Kuma ban yi ƙarya ba, ya san hanyar. Nan ne jiki ke yaudarar mutum. Iyawa ba ta tafiya, ƙarfin ne ke tafiya, kuma ba ya sallama in zai tafi.

Mun fara da hantsi a tsakar gidan bikin, mata cike, ana cewa ga su Uwani. Aka sa Hansai bakace, na koma wurina. Na ɗaga kirya na ji ta yi nauyi kamar an jiƙa ta, amma sai na ɗauki saurin da na saba, har na ɗan ƙara don masu kallo. Turmi na farko lafiya. A na biyu tafina ya tashi. A na uku bororon ya fashe, ruwansa ya haɗu da gumi, icen ya fara santsi. Zuciyata ta dawo cikin kunne, abin da rabona da ji tun ina yarinya. Tabawa ta jefo mini tambaya, wai nawa ne kuɗin mota daga nan zuwa Gagarawa yanzu. Na san dalilin tambayar. Na buɗe baki, iska kawai ta fito.

"Sauke, Uwani," in ji ta a hankali, yadda mutane ba za su ji ba. "Hansai ta karɓe ki turmi ɗaya."

Na yi kamar ban ji ba. Hatsi ya hau baki, na ce "Hm!" Larai ta sauke, Tabawa ta zura hannu kamar kullum. Numfashi ɗaya na riƙe. A na biyu damtsena ya fara rawa. Ban sake ta ba, Allah ya sani, zamewa ta yi ta cikin tafina.

Yatsu biyu ta karya mata, na tsakiya da mai bi masa. Tabawa ba ta yi ihu ba, ta dai durƙusa ta rungume hannun. Aka tafi da ita wurin maɗori. Larai ta tsaya a gabana, duk matan gidan na ji.

"Mace ba miji, 'ya'ya huɗu, ga kaka ta kama, kin karya mata hannu don a ce Uwani ta dawo. Ba ki da sauran turmi da mu."

Na ɗauki kiryata na fita. 

Ni ma ban tsira ba. Kwana biyu da komawa gida hannayena suka kumbura, fitsarina ya koma kamar ruwan shayi. Yaron nan ya sa aka kai ni asibiti a Gumel aka yi mini ƙarin ruwa. Likitar, wata yarinya sa'ar 'yata, ta tambaye ni yaushe rabona da aikin ƙarfi. Na faɗa mata. Ta ce, "Baba, naman jikinki ne kika ɓarke, shi ne ƙoda ke fama da shi. Wata goma sha ɗaya, sannan ki fara da buhu uku?" Na ce Gwaggona ta faɗa mini wannan tun ba a haife ki ba. Ta ce, "To me ya hana ki ji?" Bayan an sallame ni yaron nan ya aiko Isa ya ce in yi abin da na ga dama, shi dai kada in mutu.

Gidan Tabawa ba mai daka musu tuwo, babbar 'yarta ta yi aure, sauran ƙanana ne. Ranar da na iya ɗaura zane da kaina na ari taɓaryar darbejiya wurin maƙwabta, ta yara, na je na yi sallama. Tabawa na zaune da hannu a ɗaure cikin karare.  Na ɗauki rabin tiya na surfa musu, na huta sau huɗu a kan rabin tiya, ni Uwani. Washegari na dawo. Tsamin ya zo a rana ta uku kamar yadda ya saba, na gasa jikina na je na yi kaɗan. Duk kwana uku in ƙara 'yar ƙwarya ɗaya, ran Juma'a in huta. Kwana tara ba ta ce mini uffan ba. A na goma ina cikin daka sai na ji ta daga bakin ɗaki.

"Gwiwa, Uwani. Da hannu kike yi kamar sabuwar amarya."

Na sa gwiwa.

Ga abin da na gani a wannan karo na biyu. Kanta ta dawo da wuri, har ta fi saurin farko. Damtse ya ɗaure cikin wata guda, kamar dama yana jira a kira shi. Numfashi ne ya ja rai, don na haura hamsin da biyar a lokacin. Wata biyu na koma marke, wata uku na koma kirya, ina daka ina hira da Tabawa. Amma kullum in na koma gida sai in rufe ƙofa in ɗaga kiryar sama in riƙe ina ƙirga numfashi. Biyu nake samu cikakku. A na uku sai rawar nan ta zo, kaɗan, wadda ba mai gani sai ni. Na ƙara wata guda ina gwadawa. Ba ta tafi ba.

An kwance wa Tabawa ɗori, yatsun suka warke a karkace. Tana iya bakace da tankaɗe, amma riƙon taɓarya na wuni ya ƙare mata. Da aka kira su suna a Gagarawa, ita ce ta je ta samu Larai ta ce a tafi da ni. Larai ta ce, "Hannunki ne aka karya, ba nawa ba. In kin yarda, shi ke nan. Amma yanzu ni ce mai zura hannu, ki tuna."

Muka je. Aka zuba gero a turmi aka yayyafa ruwa. Tabawa ta zauna gefe da faifai. Larai ta tsaya a wurin ta biyu tana kallon ƙasa. Hansai ta tsaya can baya, ta bar mini wurin mai ja a buɗe, matan gidan ma ni suke kallo. Na dubi hannun Larai a kan taɓaryarta, na zagaya na tsaya a wurin ta uku.

"Hansai, ja mu."

"Haba Inna, ni? Kina tsaye?"

"Da zaune kika gan ni? Ja mu, rana na yi."

Ta matso tana sunkuyar da kai. Ta ɗaga ta sauke a hankali, Larai ta bi, na bi. Ta sake saukewa a hankali, tana satar kallona, irin dakan da ake yi in akwai mara lafiya a ɗaki. A haka sai mu kai magariba ba mu gama tiya biyar ba.

"Ke," na ce, "gaisuwar mutuwa muka zo? Ƙara."

Larai ta yi dariya ta hanci, karo na farko tun Sule Tankarkar. Hansai ta ƙara. Na bi ta. Kaka shida na yi ina bin ta.